Gurbin Inna Kyauta

"Ke, danna wayar nan mu yi miki yanzu," in ji Inna Kyauta, tana kwance bakin zanenta don ta ciro goro. "Ga ni, ga Taiba, ga ƙwarya. Mi kike jira?"

Ummulkhairi na tsaye a bakin ƙofar ɗaki da hijabinta a hannu. Ta dubi tsofaffin biyu da ke zaune kan tabarma ɗaya, gwiwa na taɓa gwiwa. Tun tana ƙarama take jin labarin yadda Gwaggo Taiba, yayar mahaifinta, da ƙawarta Inna Kyauta suke raba dare suna kiɗan ƙwarya a bukukuwan Tsibiri, can ƙasar Maradun. Gwaggo ke bayar da waƙa, Inna Kyauta na amsa mata. Da zaman ƙauyen ya gagara, Gwaggo ta dawo gidansu nan Talata Mafara, Inna Kyauta kuma ta bi ɗanta zuwa garin Bakura. Ummulkhairi ba ta taɓa ganin su tare ba sai yau. Yau ɗin ma sallama ce ta kawo Inna Kyauta a motar 'yan kasuwa, domin ɗan nata ya sami aiki a Kudu, gobe da asuba zai tafi da ita.

"Inna, waya ba za ta iya ba," ta ce. "Na gwada da Gwaggo."

Ta gwada ɗin kuwa. Babbar ƙwaryar da ake kifawa kan ruwa, wadda idan Gwaggo ta doke ta mutum yake jin amon har cikin ƙirjinsa, a waya sai ta fito kamar ana ƙwanƙwasa gwangwanin madara. Ta koma kan kwamfutar da yayanta Tukur ya bar mata a ɗaki, wadda take koyon haɗa kiɗa da ita. Nan ma katin sautin da aka haɗo ta da shi sai ya riƙa sa wani shuuu a ƙarƙashin komai, kamar ana suya a ɗakin maƙwabta. Burinta shi ne ta ɗauki amon kowace ƙwarya da kowace murya tsaf, ta yanka su gunduwa-gunduwa ta adana, yadda ko bayan ran masu su za a iya sake jera su a ji Tsibiri. Ta daɗe tana karance-karance kan katin da ya dace. Ta san sunayensu, ta san lambobinsu. Zaɓen ne ya gagare ta, don duk wanda ta tsayar sai ta karanta wani aibu nasa.

"Kasuwa kawai zan je in sayo wani ɗan abu," ta ce. "Yanzun nan zan dawo."

"'Yar boko ke nan," Inna Kyauta ta ce da Gwaggo. "Mu da muka yi wa amare kiɗa a kan turɓaya, yau sai an sayo muna abu."

"Ƙyale ta," in ji Gwaggo. "Wagga ɗiya ko ruwa za ta sha sai ta karanta bayan leda. Tahi ki dawo, Ummu. Amma ki sani motar Bakura ba ta kai la'asar yanzu."

Ranar Talata ce, gari ya cika ya batse. Ta kutsa tsakanin masu baro da buhunan albasa da tattasai har ta kai layin masu kayan waya, inda shagon Ayuba yake. Ayuba ya san ta, don ta sha zuwa ta tambayi abu ta juya ba ta saya ba. Bayan sun gaisa, ya tambayi mutanen gida da Yaya Tukur da zafin gari, sai ya yi murmushi.

"Injiniya, yau ma kallo ne ko saye?"

"Saye ne, Malam Ayuba. Katin sauti nake so."

"Saun kad. Alhamdu lillahi, yau za a yi ruwa."

Ya janyo kwali daga ƙarƙashin kanta ya zazzage. Na farko ɗan ƙarami ne kamar babban yatsa, ana soka shi a jikin kwamfuta, yana da rami biyu, ɗaya na makirfo, ɗaya na abin kunne. Na biyu tsohon kati ne kore da aka ciro daga cikin wata kwamfutar, sai an kwance murfi a dasa shi.

"Wannan ƙaramin shi kowa ke saye," in ji Ayuba. "Masu karatun Alƙur'ani, masu tallan magani, duk shi ne. Ki soka kawai, ba ya neman komai."

Ta ɗauke shi ta juya bayansa. "Bit goma sha shida ne."

"To, nawa kike so ya zama?"

"Ashirin da huɗu. Idan sauti ya yi ƙasa, ƙaramin ba ya riƙe shi da kyau. Kuma makirfo ɗaya kawai yake ɗauka. Ni mutum biyu zan ɗauka."

"Ki zaunar da su kusa da juna mana. Ko ba sa ga maciji?"

Ta yi dariya ba don ta so ba. Ta roƙe shi ya gwada mata. Ya soka a kwamfutarsa ta shago, ya ce "gwaji, gwaji" cikin makirfo, ya miƙo mata abin kunne. Muryar ta fito sarai. Shuuu ɗin yana nan, amma can ƙasa, sai mai neman sa zai ji shi. Ita kuwa shi take nema. Ta ce a gwada koren katin. Ayuba ya yi tsaki cikin raha, ya ɗauko sukundireba ya kwance kwamfutar. Katin ya shiga, amma kwamfutar ta ƙi gane shi, wai sai an sauko masa da manhajarsa, sabis kuwa ranar kasuwa sai addu'a. Suna nan suna kallon layin saukar manhajar da ya ƙi cika aka kira azahar.

"Injiniya, zan tafi masallaci," in ji Ayuba. "Ki ɗauki ƙaramin nan ki tafi gida. In kuwa sai mai baki biyu, mai ɗaukar makirfo biyu, akwai Bawa mai situdiyo, wanda ke yi wa amare waƙa a bayan tasha. Ya sayi sabon akwatin sauti, yana neman mai sayen tsohon. Nasa irin wanda kike faɗa ne."

Ummulkhairi ta tsaya da ɗan katin a tafin hannunta. Daga nan zuwa gida ba nisa. Idan ta tafi yanzu za ta tarar da su sun gama cin abinci, ta dasa makirfo a tsakiyarsu, shi ke nan. Amma da makirfo ɗaya muryoyin za su cakuɗe da amon ƙwarya har abada, ba mai iya raba su. Idan Inna Kyauta ta yi nisa da baki, ba yadda za a ɗago muryarta. Sau ɗaya za a yi wannan ɗauka a duniya. Ta ce a ranta, abin da ba za a sake ba ai bai kamata a yi shi rabi da rabi ba.

Ta ajiye katin a kan kanta. Ta leƙa gidan wata ƙawarta da ke bayan layin ta yi salla, sannan ta tsayar da ɗan kabu-kabu.

Situdiyon Bawa ɗaki ne guda da aka manna wa katifun soso a bango. Ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Mai shayin da ke gefe ya ce ya je cin abinci, yanzu zai dawo. Ta zauna a kan benci tana murza igiyar jakarta, tana kallon motocin ƙauyuka ana ɗaure musu kaya a tasha. Da Bawa ya iso, wani ƙaƙƙarfan mutum mai yawan fara'a, sai da ya gama tambayar ta 'yar gidan wa ce, ya gano ya yi firamare da Yaya Tukur, ya ba da labarin wani malaminsu mai bulala, sannan ya buɗe ƙofa.

Akwatin ja ne, bai fi tafin hannu biyu ba, da manyan ramuka biyu a gaba, kowanne da abin murɗawarsa. Tana ganin sa ta gane shi, irin wanda ta daɗe tana kallo a hoto ne.

"Wannan ya aurar da 'yan mata sun fi a ƙirga," in ji Bawa yana shafa shi. "Ko numfashin sauro ne zai ɗauko miki. Ba jinkiri kuma, kina magana kina jin kanki nan take."

Ya tayar da janareta, ya haɗa. Baki na farko ya yi tsit kamar rijiya, muryarsa kaɗai ke ciki. Ummulkhairi ta lumshe ido. Ashe haka sauti yake idan ba datti a bayansa. Baki na biyu kuwa da an taɓa abin murɗawar sai ya yi ƙarar-ƙarar.

"Ƙura ce kawai," Bawa ya ce. "Bari in fesa masa magani."

Yana neman gwangwanin maganin a cikin tarkacen wayoyi sai wayarta ta yi ƙara. Anti Farida ce, matar Yaya Tukur.

"Ummu, kina ina ne? Sun fara fa! Gwaggo ta sa an cika baho da ruwa, matan unguwa duk sun shigo. Ji mana."

Ta cikin wayar ta jiyo kiɗan can nesa, siriri, da wata murya mai kaushi tana shigowa ƙarƙashin ta Gwaggo, sai guɗa ta rufe komai. Ta ƙara manna wayar a kunne.

"Anti, ki ce su dakata mana, kar su gajiyar da murya. Ga ni nan."

"Wa ya isa ya tsayar da su? Bari dai in ɗauka miki a wayata kafin ki iso."

Ummulkhairi ta buɗe baki za ta ce to, sai wani tunani ya tare ta. Ta san halin Gwaggo. Idan ta ga an ɗaga waya an ɗauka, za ta ce an gama, ba za ta sake zama gaban wani akwati ba. Inna Kyauta kuwa dama abin da take nema ke nan tun safe.

"A'a, Anti, don Allah kar ki ɗauka. In suka ga an ɗauka ba za su sake yi mini ba. Ki ɓoye wayar ma. Yanzun nan zan iso."

"To, ke kika sani," in ji Farida, ta kashe.

Bawa ya samo maganin ya fesa, ya murɗa, ya sake fesawa. Ƙarar ta tafi. Sai ya ce dole ya zuba mata manhajar akwatin a filas, in ba haka ba kwamfutarta ba za ta san da zamansa ba. Sai kuma aka shiga neman wayar da ta dace da makirfonta. Ya ara mata makirfo na biyu, ya nuna mata maɓallin da ke ba shi wuta, ya ce kar ta kuskura ta danna shi kafin ta soka waya. Duk abin da ya faɗa mai amfani ne, ba wanda za ta ce ya bari. Suka daidaita a kan kuɗi, ta rungumi kwalin ta fito. Inuwar tashar ta riga ta miƙe zuwa gabas, filin da motocin Bakura ke tsayawa kuma ba kowa sai mai rake yana tattara ɓawo.

Ta ga filin, amma ta hana kanta fahimta har ta isa gida.

A zaure ta yi karo da matan unguwa suna fitowa, wasu na dariya, wata dattijuwa na share ido da gefen mayafi. "Kai, Ummu, ina kika shiga? Yau mun ga abin da ba mu taɓa gani ba," in ji ɗaya, ta wuce. Tsakar gida ta jiƙe da ruwan da ya fantsama. Ƙananan ƙoren suna kife a kan tabarma, babbar na shawagi a baho. Gwaggo na zaune ita kaɗai, ta miƙe ƙafa.

"Ina Inna?" Ummulkhairi ta tambaya.

Farida ce ta amsa daga bakin madafa. "Direban motar Bakura ya aiko. Wai an ce hanya ba daɗi yau, ba zai jira kowa ba. Ko mayafinta a zaure ta ƙarasa yafawa."

"Ta bar miki saƙo," in ji Gwaggo, ba ta dube ta ba. "Ta ce in gaya wa 'yar boko ta gaida abin da ta tahi saye."

Ummulkhairi ta ajiye kwalin a hankali. Ta karɓi lambar ɗan Inna Kyauta ta kira. Ya gaishe ta da mutunci, ya ce ai motar tasu ana idar da sallar asuba za ta tashi, kaya ma an riga an ɗaure. Ta tambaya ko akwai yadda za ta iso Bakura yau. Ya ce, "Ƙanwata, ko ni ban ba ki wannan shawara ba."

Ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado. Ba ta yi kuka ba. Ta buɗe kwalin saboda hannunta na neman abin yi, ta zuba manhajar, ta soka wayoyi yadda Bawa ya nuna. Kwamfutar ta gane akwatin nan take, wata 'yar fitila koriya ta kama. Komai ya yi aiki ba gardama.

Tana nan zaune sai ga Gwaggo a bakin ƙofa da sandunan kiɗa a hannu, Farida na biye da ita da baho.

"To, tashi," in ji Gwaggo. "Kin sha rana a kai. Mu ga abin naki."

Aka kashe fanka, aka rufe taga, aka rataya bargo a ƙofa. Makirfon da ta aro don Inna Kyauta sai ta karkata shi kan babbar ƙwarya, ɗayan ta sa a gaban bakin Gwaggo. Ta sa abin kunne, ta danna maɓallin ɗauka.

Gwaggo ta doki ƙwaryar. Amon ya taso daga ƙasan ruwa ya cika kan Ummulkhairi, mai nauyi, mai zurfi, daidai yadda take jin sa a ƙirji tun tana yarinya. Ba shuuu, ba komai. Sannan Gwaggo ta ɗaga murya.

"Gero ya nuna a Tsibiri, wa zai kai mini labari gida?"

Ta karkatar da kai hagu, sandunan suka tsaya a sama. Ta jira. Sannan ta sake doka ƙwarya ta ba da baiti na biyu, ta sake karkatar da kai, ta sake jira.

A na uku Ummulkhairi ta cire abin kunne ta maimaita ƙarshen baitin da siririyar muryarta. Gwaggo ta sauke sanduna.

"Allah ya yi miki albarka, amma bari."

"Ki faɗa mini amshin, Gwaggo, sai in riƙa yi."

"Wane amshi? Kyauta ba ta da amshi guda. Abin da na jefa mata shi take juyawa ta maido min. In na ce gero ya nuna, ta ce tsuntsaye sun riga ni. In na yabi ango, ta tona bashin tsiren da ya ci. Ni kuma daga bakinta nike ɗaukar na gaba. Ɗazu har sunanki ta sa, matan nan suka yi ta dariya."

"Me ta ce?"

Gwaggo ta yi tunani, ta girgiza kai. "Ya wuce. Irin wannan ba a riƙe shi."

Ta gwada wasu baitoci kaɗan don kar ran yarinyar ya ɓaci, kowanne da jiransa a baya. Daga nan ta ce ƙirjinta ya gaji, ta dafa bango ta miƙe, ta tafi alwala.

Rana ta yi sanyi lokacin da Yaya Tukur ya dawo daga sakatariya. Farida ta riga ta ba shi labari tun a tsakar gida, don haka bai tambayi komai ba. Ya tsaya a bayan kujerarta, ya karɓi abin kunne ya saurara, yana kallon zanen sautin a fuskar kwamfuta: tudu, sai layi a miƙe, tudu, sai layi a miƙe.

"Kai, wannan akwati ya yi," ya ce. "Kamar Gwaggo na cikin kunnena. Wuraren nan da ba komai kawai za ki yanke, ki matso da baitocin su haɗu. Ba wanda zai san da wani abu a tsakani."

Ya dafa kanta ya fita.

Ummulkhairi ta ja alama a kan layi na farko har ya yi shuɗi, ta ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa. Kafin ta danna sai ta ƙara ƙarfin sautin, ta saurari wurin shi kaɗai. Akwatin ya ɗauko komai. Ruwa na motsi a ƙarƙashin ƙwarya, awarwaron Gwaggo ya ɗan yi ƙara da ta juya kai, ga numfashinta a riƙe. Can wajen ƙarshen shirun kuma, ƙasa-ƙasa, Gwaggo ta yi wata 'yar dariya ta hanci, irin ta wanda aka mayar wa magana, sannan sanda ta sauka.

Ta saurari na biyu. Shi ma da tasa dariyar.

Ta ɗauke yatsanta, ta cire alamar, ta adana shi yadda yake.